Siteno, takunkumi ko rikoda: wanne zaka kama in kana son aikin rubutun kotu na nan-take a Amurka?

A kotunan Amurka akwai wanda ke zama ƙasan kujerar alƙali da wata 'yar na'ura a kan ƙafa uku, hannunsa na motsi ba ƙara, idonsa kuma na kan mai magana. Galibi ma mace ce, dan mata sun fi yawa a sana'ar nesa ba kusa ba. Shi ne marubucin kotu, duk abin da aka furta a zaman sai ya kama shi kalma da kalma, kuma takardar da ya sa wa hannu ita ake ɗauka zuwa kotun ɗaukaka ƙara. A cikinsu akwai 'yan nan-take, wato waɗanda lauya na cikin magana rubutun na fitowa a allon kwamfutar alƙali da ta sauran lauyoyi, tsakanin furuci da fitowar rubutu bai fi sakan biyu ko uku ba. To su ne ke kwasar kuɗin sana'ar, kuma su ne har yanzu na'ura ta kasa turewa.

Mai son shiga yana da zaɓi hawa biyu, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Na farko da wace hanya zaka riƙa kama magana, na biyu ina zaka kai ƙwarewar ka sayar. In ka yi kuskure a na farkon, na biyun ma ba zaka samu damar zaɓensa yadda kake so ba.

Bari mu fara da siteno, wato kama magana da 'yar na'urar nan mai ƙafa uku, tunda ita ce uwa. Na'urar maɓalli 22 gare ta sai sandar lambobi a sama, tsarin da ake bi yau ya samo asali ne daga na'urar Ward Stone Ireland tun wajen 1911. Ba harafi ɗaya-ɗaya ake bugawa ba, yatsu da yawa ake dannawa lokaci guda a fitar da gaɓa ko kalma sukutum, wani lokacin ma jimlar da ake yawan maimaitawa a kotu da bugu ɗaya. Hannun hagu na riƙe da baƙaƙen farkon gaɓa, manyan yatsu biyu na kan wasula huɗu, A O E U, hannun dama na rufe gaɓar. Abin da ke fara rikita ɗalibi shi ne haruffa da yawa babu su kwata-kwata a jikin na'urar. Babu L a hagu, sai ka danna H da R tare. Babu D a hagu, sai T da K. G ta hagu kuwa maɓalli huɗu ne, T K P W, a bugu ɗaya. Manhaja ce ke karɓar wannan tarkacen ta duba kamus ɗinka ta mai da shi Turanci, kuma kamus ɗin nan naka ne kai kaɗai, shekara da shekaru kana gina shi, sunan magani, sunan kamfani, kalmomin likitoci da injiniyoyi, duk wanda ka ci karo da shi yau ka saka shi dan kar ya ba ka kunya gobe.

Koyon tsarin ba shi ne wahalar ba, wata shida zuwa shekara ka gama. Gudu ne ke karya mutane. Makaranta zata ce maka shekara biyu, amma gaskiya da yawa suna kai uku, huɗu, wasu fiye, saboda ba a wuce aji da zama a aji, sai ka ci gwajin gudu. Zaka ga ɗalibi ya tashi daga kalma 60 a minti zuwa 120 ba wata matsala, sai ya zo 160 ko 180 ya maƙale wata takwas yana faɗuwa gwaji ɗaya, kuɗin makaranta na tafiya, abokan da suka shiga wani fannin sun fara ɗaukar albashi, daga nan ne mafi yawa ke ajiye na'urar. Mafi yawan waɗanda suka fara ba sa gamawa, wannan kowa a sana'ar ya sani, kuma duk makarantar da ta ɓoye maka shi ka yi hattara da ita. Shi ya sa kafin ka biya ko sisi ka fara da kwas ɗin kyauta na sati shida da ƙungiyar marubutan kotu ta ƙasa NCRA ke yi mai suna A to Z, ko makamancinsa na Project Steno. Akwai kuma Plover, manhajar kyauta da Mirabai Knight ta assasa a 2010, wadda zaka iya gwada siteno da ƙaramin allon maɓalli mai araha. In bayan sati shida kana jin hannunka na ƙaiƙayin komawa kan maɓallan to akwai alama, in kuma kana jan ƙafa tun yanzu, shekara uku na atisaye awa biyu ko uku kullum ba zasu yi maka daɗi ba.

Kayan aiki ma ba arha. Na'urar ƙwararru irin Luminex ta kamfanin Stenograph tana kai dala dubu biyar ko fiye, manhaja irin Case CATalyst ko Eclipse ita ma dubbai ce, ga kuɗin sabuntawa duk shekara. Ɗalibi dai na iya lallaɓawa da ta hannu ko ta haya.

Hanya ta biyu ita ce ta murya. Nan ba yatsu ba ne, baki ne. Marubucin na riƙe da wani takunkumi mai makirfo a ciki ya rufe bakinsa da shi, yana maimaita duk abin da aka faɗa ƙasa-ƙasa yadda na kusa da shi ba zai ji ba, yana faɗin wa ke magana, yana faɗin aya da waƙafi, manhajar gane murya da aka horar da muryarsa shi kaɗai tana rubutawa. Horace Webb ne ya ƙirƙiro takunkumin a shekarun 1940, kuma sojojin Amurka sun daɗe suna amfani da wannan hanya a kotunansu. Babban abin da ke jan mutane nan shi ne lokaci: magana ka riga ka iya ta, dan haka cikin wata shida zuwa shekara ɗaya da 'yan kai mutum na iya kai gudun da ɗan siteno ke shekara uku yana nema, kuma masu gamawa sun fi yawa. Ƙungiyarsu NVRA ce, satifiket ɗinsu na farko CVR, na nan-take kuma RVR. Aikin ƙarshe iri ɗaya ne, takarda ce da sa hannu, kuma inda doka ta yarda da su kuɗin shafi ɗaya ake biya.

Amma fa akwai inda take ciwo. Ba kowace jiha ce ta yarda da masu takunkumi ba, sun fi ƙarfi a jihohin kudu, Kalifoniya ma sai a 2022 ta buɗe musu ƙofar lasisi. Sannan gudu daban, nan-take mai tsafta daban. Ka maimaita magana da sauri abu ne, ka sa manhaja ta fitar da ita daidai a allon lauya ba tare da ta mai da sunan mai shaida wata kalmar banza ba wani abu ne, yana buƙatar horo mai tsawo da gyaran kamus kamar dai na siteno. Ga mura, ga dashewar murya, ga yini guda kana magana cikin takunkumi. Kuma har yau akwai manyan lauyoyi da kamfanonin da in aka zo babbar shari'a ɗan siteno suke cewa a turo musu, ko adalci ne ko ba adalci ba haka kasuwar take.

Ta uku ita ce rikoda, wadda ake kira rahoton dijital. Kai ne mai kafa makirfo, ka tabbatar kowane mai magana na kan tasharsa, ka riƙa rubuta wa ya yi magana a wane minti, ka rantsar da mai shaida in kana da izini, daga baya wani ko manhaja ta mai da sautin rubutu a gyara. Sati kaɗan ake koyo, ƙungiyarsu AAERT na ba da satifiket irin CER da CET. Aiki akwai, dan jihohi irin Alaska sun daɗe da naɗar sauti, Kentaki da bidiyo take aiki, manyan kamfanonin difozishan, wato ɗaukar shaida da rantsuwa a wajen kotu, su ma suna ɗiban irin waɗannan ma'aikata. Sai dai in abin da kake nema nan-take ne to wannan ba ita ba ce. Albashin awa ne, ƙasa sosai da na sauran biyun, ba ka da kuɗin shafi mai tsoka, kuma duk abin da aka koya cikin sati shida wani ma zai koya cikin sati shida ya karɓi ƙasa da naka. Ni a ganina matattakala ce, ka shiga ka ga yadda ɗakin difozishan yake kana samun na cefane kana karatun siteno ko murya da dare, amma kar ka yi mata kallon gidan zama.

To satifiket fa? Nan ne mutane ke ruɗewa saboda haruffan sun yi yawa. NCRA, wadda aka kafa tun 1899, ita ke da waɗanda suka fi karɓuwa ga 'yan siteno. RPR shi ne ƙofar shiga: gwaji uku ne na minti biyar-biyar, karatun zube a kalma 180 a minti, jawabin alƙali ga masu taya shi yanke hukunci a 200, tambaya da amsa a 225, kowanne sai ka samu kashi 95 cikin ɗari, sannan da jarrabawar rubutu kan doka da ɗa'a da fasaha. Akwai RSR a ƙasansa mai 160, 180, 200 ga wanda bai ƙarasa ba tukuna. Sama da shi RMR, 200, 240, 260. Sai RDR wanda jarrabawar ilimi ce ta manya. In kana tunanin 260 ta yi yawa, Mark Kislingbury ya shiga kundin Guinness a 2004 da kalma 360 a minti.

Wanda ya shafe mu shi ne CRR, satifiket ɗin nan-take. A takarda kamar ya fi RPR sauƙi, tunda kalma 200 ne a minti, murya biyu, minti biyar, kashi 96. Amma dubi bambancin. A RPR bayan an gama karantowa ana ba ka fiye da awa ɗaya ka zauna ka warware abin da ka buga, inda yatsa ya zame ka gane abin da kake nufi ka gyara. A CRR babu wannan. Abin da ya fito a allo shi za a duba. Kalma 1,000 ce a minti biyar ɗin, kuskure 40 kawai aka yafe maka, kuma kalmar da ta fito a matsayin tarkacen haruffa saboda babu ta a kamus ɗinka kuskure ce, kalmomin Turancin nan masu sauti ɗaya ma'ana daban in ka fitar da wadda ba ita ba kuskure ne. Shi ya sa zaka ga wanda ya shekara ashirin yana aiki lafiya lau amma hannunsa na rawa in aka ce a haɗa allon lauya da na'urarsa, dan ya saba rubutu mai datti wanda shi kaɗai ke iya karantawa. Darasin nan ɗalibi ya kamata ya ɗauka tun ranar farko: ka tambayi makaranta ko tsarin da take koyarwa na nan-take ne, wanda kowace kalma ke da bugunta daban ba karo. Gyaran hannu bayan ya saba ya fi koyo daga farko wuya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu rubutun allon talabijin da masu yi wa kurame hidima nasu CRC ne, 180 a minti da kashi 96, haɗe da bita da jarrabawar rubutu. Duk waɗannan kuma ba a ci a kwanta ba, sai ka riƙa tara awa 30 na ƙarin ilimi duk shekara uku ko satifiket ya faɗi.

Kar ka manta da jiha. Satifiket na ƙungiya daban, lasisin jiha daban. Kalifoniya da Tekzas sai da lasisin CSR nasu zaka yi aiki, wasu jihohin suna karɓar RPR a madadin nasu gwajin, wasu kamar Fulorida babu lasisin dole ma, sai dai izinin rantsarwa. Dan haka kafin ka zaɓi siteno ko murya, fara duba dokar jihar da zaka zauna, minti goma ne a intanet amma zai iya cece ka daga asarar shekara.

Yanzu kuɗi. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta sa matsakaicin abin da marubutan kotu da masu rubutun allo suka samu a 2023 kusan dala 64,000 a shekara, na ƙasa-ƙasa ba su kai 40,000 ba, kashi goma na sama kuma sun haura 120,000. Wannan tazarar ita ce labarin gaba ɗaya. Ba sa'a ce ta raba su ba, wuri ne da satifiket da nan-take. Kuma lissafin gwamnati ba ya kama kuɗin masu zaman kansu da kyau, ga kuɗin shafi da ma'aikacin kotu ke samu a gefe.

Ɗauki ma'aikacin kotu na dindindin tukuna. Albashi duk wata, inshorar lafiya, fansho, hutu, alƙali ɗaya ko kotu ɗaya, ka san inda zaka gobe. A kan albashin kuma in lauya ya nemi kwafin zaman shi zai biya ka kuɗin shafi, a wurare da yawa wannan kuɗin aljihunka yake shiga. Kotun tarayya ita ce ƙololuwa a wannan layin, kuma tsarinta a fili yake yadda zaka ga darajar nan-take da idonka. Sai kana da gogewar aiki da RPR ko makamancinsa kafin a ɗauke ka. Albashin farawa ya haura dala 80,000, a manyan birane ya wuce 100,000. In kana da satifiket na RMR a ƙara maka kashi 5, in kana da na nan-take kashi 10, in ka haɗa biyun kashi 15. Kaga gwamnati da kanta ta ce tsaftar nan-take ta ninka tsabar gudu daraja. Kuɗin shafi kuma majalisar alƙalan tarayya ce ke yanke iyakarsa: ya daɗe a dala 3.65 ga kwafin da za a kawo cikin kwana 30, aka ɗaga shi hawa biyu ya kai 4.40 daga Oktoban 2024, na kwana ɗaya kuma ya tashi daga 6.05 zuwa 7.30. Shafi layi 25 ne. Yi lissafi da kanka, a matsayin misali, yinin shari'a mai shafi 200 da lauyoyi ke so kafin gari ya waye, 1,460 kenan daga kwafin asali kaɗai, ban da kuɗin haɗa allon lauyoyi da rubutun nan-take wanda shi ma da shafi ake biya. Amma daga ciki zaka biya mai tace maka rubutu da mai karanta shi na ƙarshe, kuma kai ma ba barci zaka yi ba a daren.

Abin da ba a faɗa a talla shi ne abin da kunnenka zai sha. Shari'ar kisa, fyaɗe, cin zarafin yara, rabuwar aure da ake tone-tone, duk ta hannunka zasu bi, ba ka da damar kau da kai dan kowace kalma amana ce, kuma in alƙali ya ce a maimaita tambayar da aka yi kai zaka karanto ta da murya a gaban kowa fuska ba yabo ba fallasa. Sannan kujerar tana hannun kasafin kuɗin jiha. Yau ana neman ku ruwa a jallo, har kotun Los Anjalas ta kai ga tallata garabasar shiga aiki ta dala 50,000 saboda rashin ma'aikata, gobe wata jihar ta ce rikoda ta fi arha. Ingila ta yi haka a 2012, ta cire 'yan siteno daga manyan kotunan laifi ta sa naɗar sauti, waɗanda suka tsira a can su ne 'yan nan-take da suka koma manyan shari'un kasuwanci da zaman sasanci.

Mai zaman kansa kuwa, kuma nan ne mafi yawan 'yan sana'ar suke, aikinsa difozishan ne, wato shaidar da ake ɗauka da rantsuwa a ofishin lauya ko ta Zoom kafin a je gaban alƙali. A dokar kotun tarayya yini ɗaya ne na awa bakwai ga mai shaida ɗaya in ba an ƙara ba. Kamfani irin Veritext, Esquire ko U.S. Legal Support, ko ƙaramin kamfanin gari, shi ke samo aikin ya turo ka ya ɗauki kasonsa. Ana biyanka kuɗin halarta, kuɗin shafi na kwafin asali, kuɗin kowane kwafi da lauyan ɗaya ɓangaren ya saya, ƙari in ana so da gaggawa, ƙari na ɗanyen kwafi a ranar, ƙari na kowane allo da aka haɗa da nan-take. Nan ne kuɗin ke ninkuwa, dan zama ɗaya ne, bugu ɗaya ne, amma in shari'ar haƙƙin ƙirƙira ce ko ta kamfanin magani mai lauyoyi takwas kowa na son allonsa da kwafinsa, shafi ɗaya sau da yawa za a biya shi. Kuma irin wannan aikin ba a ba wanda ba shi da nan-take, shi sai a bar shi da ƙananan shari'un haɗarin mota masu shafi arba'in. Waɗanda suka yi suna har Landan, Dubai da Singafo ake kai su zaman sasanci.

Ɗaya gefen kuma, ba albashi, ba fansho, inshorar lafiya daga aljihunka, harajin mai aikin kansa kashi 15.3 kafin ma a zo harajin kuɗin shiga, na'ura ta lalace kai ne, lauyoyi sun sasanta da daddare an soke aikin gobe ka tashi a tutar babu, wani watan aiki ya yi maka yawa har kana ƙin ɗaukar waya wani watan kana duba wayar ko ta lalace ne. Kuɗin ma ba ranar ake biya ba. Kuma duk awa ɗaya a ɗakin shaida tana jawo awanni na tacewa a gida, shi ya sa masu aiki da yawa ke ɗaukar mai tacewa su biya shi da shafi. In kai mutum ne da ba ya iya ajiye kuɗin watan wadata dan watan fari, wallahi ka nemi kujerar kotu ka huta.

Layi na uku ba kotu a ciki sam: rubutun allon talabijin kai tsaye da hidimar CART ga kurame da masu ƙarancin ji, wato rubuta musu abin da ake faɗa nan-take a allo. An fara rubutun allo na nan-take a 1982, dokar naƙasassu ta ADA ta 1990 ta buɗe ƙofar CART a jami'o'i, asibitoci, taruka da wuraren aiki, hukumar sadarwa ta FCC kuma ta kafa ƙa'idojin ingancin rubutun allo a 2014. Da awa ake biya, ba kwafin da zaka kwana kana gyarawa, ka rufe na'ura ka gama, da yawa daga gida suke yi. Ga wanda ke son ya ga amfanin aikinsa a take, ɗalibin da ba ya ji yana bin lacca yana dariya lokacin da 'yan aji ke dariya, babu kamar wannan. Amma a nan ne manhajar gane murya ta fi cin kasuwa, musamman a talabijin, tashoshi da yawa sun koma ta atomatik farashin awa ya sauka, har babban kamfanin rubutun allo VITAC kamfanin fasaha Verbit ya saye shi a 2021. CART ta fi talabijin tsayawa da ƙafarta saboda mai amfani da ita na da bakin cewa wannan rubutun bai isar ba, ajin kimiyyar magunguna da malami mai karin harshe har yanzu yana ba manhaja wahala. Ni dai ba zan ba sabon shiga shawarar ya gina rayuwarsa kan talabijin kaɗai ba.

Maganar ƙarancin ma'aikata da ake ta yi gaskiya ce amma a tauna ta. Binciken da kamfanin Ducker ya yi wa NCRA a 2013 zuwa 2014 ya yi hasashen giɓin mutum 5,500 zuwa 2018, saboda tsofaffi na ritaya makarantu na rufewa. Giɓin nan shi ke ɗaga farashin ƙwararru, kuma shi ɗin dai shi ne hujjar da kamfanoni da kotuna ke kafawa su kawo rikoda. Wato ƙasan kasuwar na zaizayewa, samanta na tsada. Wanda zai shiga yau ya tsaya a tsakiya, gudu ya isa amma rubutu ba tsafta, shi ne ke cikin haɗari.

To wanne zaka kama? In kana da ƙuruciya ko wanda zai riƙe ka shekara uku, Turancinka na rubutu mai ƙarfi ne, nahawu da alamomin rubutu ba sa ba ka tsoro, kuma ka gwada sati shidan nan ka ji hannunka ya karɓa, kama siteno, ita kaɗai ce babu jihar da zata ce ba ta san ta ba kuma babu ɗakin da za a hana ka shiga. Ka nufi RPR, ka yi shekara ɗaya ko biyu kana difozishan ƙanana kana haɗa nan-take wa kanka kai kaɗai a kwamfutarka ba wanda ke gani, kana duba kashi nawa ke fitowa ba a fassara ba, ranar da ya sauka ƙasa sosai ka je CRR. In kuma shekaru sun ja, ga iyali, ba ka da shekara uku na zuba kuɗi ba shigowa, ko wuyan hannunka na da matsala, kuma jiharka ta yarda, kama murya ba tare da jin kunya ba, amma ka sa RVR a gaba tun farko kar ka tsaya a CVR. Tsakanin kotu da zaman kai kuwa ba aure ba ne, da yawa suna farawa da zaman kai dan kotun tarayya ma sai da gogewar nan, in yara sun zo ana son inshora a koma kotu, wasu kuma su yi fansho a kotu su dawo suna karɓar difozishan kwana biyu a sati.